Ginin Dangi da Ginin Kwangila

Ranar da za mu zuba kankaren linta a gidana, barci bai ɗauke ni sosai ba. Ana idar da sallar asuba na nufi filin, na tarar ƙanena ya riga ni, yana jiƙa katakon da kafinta ya ɗaura jiya da yamma. Kafin rana ta ɗaga mun haura mu goma: yayana da 'ya'yansa biyu, ɗan gwaggona mai tuƙa a-daidaita-sahu wanda ya ajiye kekensa ya haƙura da cinikin ranar, ƙanin matata, da wasu samarin layin tsohon gidanmu da ba wanda ya aika musu, labari kawai suka ji. Aka ja layi daga wurin kwaɓi zuwa gindin tsani, kwano yana tafiya hannu zuwa hannu. Kawuna, wanda birkila ne tun ban san kaina ba, yana sama yana karɓa, yana tsokana kankaren da guntun rodi don ya zauna, yana ta cewa, “Ku rage ruwan nan, ku ƙara tsakuwa.” Da hantsi ya dubi ludayi yara suka iso da ƙosai da kunun tsamiya daga gida, da azahar aka kawo shinkafa da wake. Kafin la'asar an gama. Ban da siminti da rodi da yashi da tsakuwa, abin da ya fita daga aljihuna a ranar kuɗin cefane ne da na mai garuwa.

Fuloti biyu ne tsakanin filina da na wani abokin aikina. Kusan lokaci ɗaya muka saya, a irin unguwannin nan na awon igiya da ke bayan Kano, inda jiya gona ce yau an ja igiya an yanyanka. Shi ya sayar da gonar gadonsa, ya haɗa da abin da ya tara, ya kira ɗan kwangila aka yi lissafi aka sa hannu. Cikin rani ɗaya gidansa ya tashi, aka shafa fenti, aka miƙa masa makulli. Nawa kuwa sai da damina huɗu ta doke shi kafin na kwana a ciki. Tun daga lokacin masu shirin gini da dama sun tambaye ni wace hanya ta fi, kuma kusan kowa kuɗi yake nufi. Tambayar tana kan hanya. Sai dai abin da ya raba hanyoyin nan biyu ya wuce kuɗi, wanda bai san haka tun farko ba kuma zai sani a tsakiyar aiki, lokacin da komawa baya ta yi wuya.

Talaka a da bai san ɗan kwangila ba. Idan kaka ta wuce, amfani ya shiga rumbu, sai mai son gini ya kira gayya. A haƙo birji daga kududdufi, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ƙasar ta kwana biyu tana tsima, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. A sayo azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta. A tanadi makuba daga ɓawon ɗorawa don yaɓen waje, ruwa ya riƙa zamewa. Kusan duk abin da gidan yake buƙata yana kusa da shi, abin da ya fi tsada shi ne ƙarfin ɗan Adam, shi kuwa dangi da maƙwabta suna bayarwa a kan tuwo da fura, da sanin cewa gobe su ma za a je musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wancan zamani maganar ba kwatance ba ce, jinkar ce ake ɗagawa a ɗora.

Amma akwai abin da masu yabon gayya suke yawan tsallakewa. Ko a da, gayya ba ta taɓa maye gurbin gwani ba. Jama'a su kwaɓa, su ɗauko, su jefa tubali sama. Magini ne ke zaune a kan bango yana ɗorawa, shi ya san yadda bango zai yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, shi ya san inda azara za ta gaza sai an yi mata tauyi ko an ɗaura baka. Sana'a ce ta gado, da sarautarta ta Sarkin Magina. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yau da sunan mutum ɗaya ake tuna shi, Babban Gwani Muhammadu Durugu, alhali hannaye da yawa ne suka ɗauki ƙasarsa. A garin Yaama da ke jihar Tawa a Nijar, mutanen gari sun fara gina masallacinsu na ƙasa a 1962, kowane gida da abin da ya ba da, wasu kwaɓi, wasu ɗauko itace, mata ɗebo ruwa. Masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Jama'a ne suka gina shi, amma magini Falke Barmu ne ya ja ragamar aikin. Wannan rabon aiki shi ne asalin abin: ƙarfi na kowa, ilimi na mai shi.

Siminti ya juya lissafin. Yau abin da ke cin kuɗin gini kaya ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ɗan uwa zai haƙo maka daga kududdufi. Siminti daga Obajana ko Ashaka ko Sakkwato yake zuwa a tirela, buhu mai kilo 50. Rodi, kwano, katako, tayil, waya, bututu, duk na kasuwa ne, har yashi sai an biya tifa. Saboda haka duk wanda ya ce maka taimakon dangi zai raba maka kuɗin gini biyu, bai yi gini a zamanin nan ba. Abin da hannayen 'yan uwa suke rage maka shi ne ladan leburori a manyan ranaku: haƙan harsashi, cikon ƙasa, zubin kankare, ɗaukar bulo daga bakin titi zuwa cikin fili. Ragi ne na gaske, na ji daɗinsa, amma ba shi ne babban abin da dangi suka yi mini ba.

Babban abin shi ne ido. Ni ma'aikaci ne, ba na barin ofis sai yamma. Ƙanena ne ke tsayawa a lokacin da ake sauke siminti yana ƙirgawa, shi ke kwana a ɗan ɗakin da muka fara rufewa don kada a sace rodi, shi ke zuba wa bulo ruwa safe da yamma. Wannan ban ruwa, da yawa suna raina shi. Kankare ba bushewa yake so ba, danshi yake so ya ɗauki kwanaki yana ƙarfafa, injiniyoyi ma sai ya kwana 28 suke auna ƙarfinsa. A zafin Kano na watan Afrilu, ginin da ba a ba shi ruwa a makonsa na farko ya riga ya yi asarar da ba ta dawowa. Leburan da ka biya kuɗin yini ba zai dawo da magariba don ya jiƙa maka bango ba. Ƙaninka zai dawo, domin yana ganin ɗakin da uwarsa za ta sauka in ta zo.

Sai kuma kuɗi ƙanana da ke zuwa lokacin da aka ƙure. Yayata ta ba ni ɗaukarta ta adashi na sayi bulo. Wani ɗan baffana da ke aiki a Legas ya aiko da kuɗin ƙofofi. Ginin dangi haka yake tafiya, kamar hawan tsani: a yi harsashi a huta, a kai taga a huta, a ɗaura linta a huta, a jira wata dama kafin rufi. Amfaninsa shi ne mai ƙaramin ƙarfi yana iya farawa da abin da ke hannunsa, duk buhun da ya shiga bango kuma ya tsira daga hidimar yau da gobe. Ɗan kwangila ba ya aiki a haka. Yana son kaso mai tsoka kafin ya kawo ma'aikata, yana son na gaba ya iso kafin na farko ya ƙare, domin shi ma yana da mutanen da yake biya kullum.

Ta nan ne kwangila take rufe ƙofa ga yawancinmu. Ina mai albashi zai samu kuɗin gida a dunƙule? Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin 100 na albashi ana zubawa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba da rance daga ciki a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Amma rancen yana buƙatar takardar mallaka ta gwamnati, wadda mafi yawan filayen awon igiya ba su da ita, sannan da yawa daga cikinmu ba za su taɓa kuɗin ruwa ba ko da an miƙo musu. Ɗan kasuwa, manomi, mai sana'ar hannu, su kam da wuya su kai ga wannan rancen. Shi ya sa in ka zaga Rimin Kebe ko Ɗorayi a Kano, ko Rigasa a Kaduna, mafi yawan gidajen da za ka gani da kaɗan-kaɗan masu su suka ɗora su.

Sai dai jinkiri ma yana da farashi, kuma a shekarun nan farashin ya yi zafi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, komai na gini ya tashi, har a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama. Wanda ya gama gidansa cikin wata shida ya sayi kayansa a farashi kusan ɗaya. Wanda ya ja shekara huɗu ya sayi buhun ƙarshe a kan kuɗin da a farko zai saya masa biyu ko uku. Ga kuɗin haya da yake ci gaba da biya, ga kango da ke shan ruwan sama da rana, katako ya lanƙwashe, ɓata-gari su mayar da wurin mafaka. In aka zauna da alƙalami, abokina da ya biya ribar ɗan kwangila bai fi ni kashe kuɗi da wani abin a zo a gani ba. Bambancin shi ne shi yana da su a lokaci ɗaya, ni ban da su.

Maganar inganci ita ce inda na daɗe ina juyawa a raina, domin kowace hanya da irin ciwonta. Ciwon kwangila sananne ne. Wanda aka yi wa jimla, duk abin da ya rage nasa ne, don haka jarrabawar ragewa tana gabansa kullum. A ƙara yashi a kwaɓi, a sayo bulo daga wurin da ake fitar da mai yawa fiye da ƙima daga buhu ɗaya, a sa rodi mai milimita 10 inda aka rubuta 12, filasta da fenti su rufe komai. Abokina ya gani da idonsa. Damina ta farko tana wucewa bangon katangarsa ya tsage daga sama har ƙasa, da ya kankare filastar ya murza bulon da yatsa sai ya ga yana zuba kamar gari. Amma ga abin da ya yi: ya ɗauko takardar yarjejeniya, ya riƙe cikon kuɗin da ya rage, ya kira mutumin ya faɗa masa magana ba tare da sassautawa ba, ya ce ko a gyara ko su haɗu a gaban hukuma. Aka rushe katangar aka sake. Bayan nan ba su ƙara gaisawa ba, kuma hakan bai rage wa abokina komai ba, domin ba ɗaurin aure ko suna da zai haɗa su.

Ciwon ginin dangi kunya ce. Akwai ranar da Kawu ya tafi wani aiki, ya bar ɗan yayana da yake koya a hannunsa ya ɗora bangon kicin. Da na zo da yamma na tsaya a kusurwa na duba, na ga bangon ya ɗan karkata waje. Yaron ya wuni a rana, bai karɓi ko sisi ba, yana tsaye a gefena yana jira in yaba. Na ce masa, “Sannu da aiki, Allah ya yi albarka,” na tafi gida da abin a ƙirjina. Kwana uku ina zagaye maganar. A rana ta huɗu na ce, “Kawu, ko za ka ɗan duba mana bangon kicin ɗin nan?” Ya ɗora ma'auninsa, ya yi shiru, sannan ya juyo ya ce, “Ɗan nan, me ya hana ka faɗa tun ranar? Gini bai san kunya ba.” Da hannunsa ya fara sauke bulon. Da a ranar farko aka sauke, kwaɓin bai kama ba, da an tsira da bulon duka. Yanzu kuwa rabi ya farfashe. Yaron ya yi makonni bai taka filin ba, mahaifiyarsa ma sai da na je har ɗaki na ba ta haƙuri a kan laifin da ba wanda ya yi da gangan.

Wannan shi ne abin da ba ya shiga lissafi. Wanda ka biya kana iya cewa ya rushe ya sake. Wanda ya taimake ka don Allah da zumunci, kowace gyara da za ka yi masa sai ka auna ta sau goma. Ba za ka ce wa yayanka ya makara ba. Ba za ka tambayi ɗan baffanka rasit ba tare da ya ji kamar ka kira shi ɓarawo ba. Kowa ya taɓa jin labarin mutumin da ke neman kuɗi a Saudiyya ko a kudu, yana turo wa ɗan uwansa kuɗin gini shekara da shekaru, ana aika masa hotuna ta WhatsApp, ranar da ya sauka ya tarar da fili da 'yan bulo a jibge. Ba kullum cin amana ba ne tun daga farko. Sau da yawa ɗan uwan ne wata larura ta kama shi, ya taɓa da niyyar mayarwa, ya sake taɓawa, ramin ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi faɗa. Da ɗan kwangila ne da an kai ƙara. Da yake ɗan uwa ne, sai uwa ta sa baki ta ce a bar wa Allah, a rasa gidan, zumuncin ma ya zama na gaisuwar fatar baki.

Duk waɗannan ana iya jure su. Abin da na fi jin tsoro a ginin dangi, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne taimakon da ba a raɗa masa suna ba. Ɗan uwa ya kawo buhu ashirin na siminti ya ce, “Ga wannan a ƙara.” Kyauta ce? Rance ne? Ko kuwa a ransa ya sa hannun jari ne, yana ganin ɗakin zaure nasa ne in ya tashi aure? A ranar ba wanda zai tambaya, domin tambayar tana kama da rashin godiya. Sai bayan shekara goma sha biyar, mai gidan ya rasu, ko an samu saɓani, ko 'ya'ya sun girma, kowa ya fito da nasa fahimtar, kuma kowa da gaskiyarsa yake magana.

Mafi yawan wannan rikici daga ƙasa yake farawa. Uba ya nuna wa ɗansa wani ɓangare na gida ko na fili ya ce, “Gina a nan.” Ɗan ya zuba duk abin da ya mallaka. Uban ya rasu ba a rubuta komai ba, ba a kira shaidu ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma in magada suka musa, sai an kawo hujjar cewa kyauta ce aka yi ba aron wuri ba. Nan za ka ga 'yan uwa ciki ɗaya a gaban alƙali, ɗaya yana cewa ginin nasa ne, sauran suna cewa ƙasar ta gado ce. Ga kuma doka ta ƙasa: tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Don samun ta, a Kano sai an bi ta hukumar KANGIS, a Kaduna ta KADGIS, sannan izinin gini daga hukumar KNUPDA ko KASUPDA. Wanda ya ba da kwangila sau da yawa dole takan sa ya gyara takardunsa, don akwai zane da yarjejeniya da sunan mai gida a sama. Ginin dangi kan tashi ne a kan “ai kowa ya sani”, masu sanin kuma mutuwa suke yi.

Waɗanda suka fi cutuwa a nan mata ne, kuma ina faɗin haka ne da sanin abin da ya faru a ɗakina. Lokacin da gini ya kai rufi kuɗi suka yanke mini, damina kuma tana matsowa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wata rana bayan isha matata ta ajiye mini ƙulli a gabana. Sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal ta sayar, waɗanda iyayenta suka saya mata da sadakinta. Ta ce, “Malam, a sayi kwano kafin ruwa ya sauka.” Gidaje nawa ne a ƙasar Hausa aka rufe da gwal ɗin mace, ko da tumakinta, ko da kuɗin ƙuli-ƙuli da ɗinkin da ta tara? In aure ya mutu, ita ce ke fita da akwatinta. In mijin ya rasu ya bar 'ya'ya, rabonta tumuni ne, ɗaya bisa takwas, in da kishiyoyi su raba tumunin a tsakaninsu. Alhali shari'a ta ce a biya bashi kafin a raba gado, da an rubuta kuɗinta a matsayin bashi da an fara cire mata haƙƙinta. Washegari na rubuta abin da ta bayar, da nauyin gwal ɗin ba kuɗin ranar kaɗai ba, na kira yayana da ƙaninta suka sa hannu. Ta ji nauyi, ta ce ita ba ta nema ba. Na ce mata ba don ni da ita na rubuta ba, don waɗanda za su zauna rabon bayan ba ni ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta keɓe ɗan uwa ko mata ba.

Bayan duk wannan, in aka mayar da ni baya, ginin dangi zan sake zaɓa. Dalili na farko a fili yake, ba ni da ƙarfin ɗayan. Na biyu kuwa sai da na tare na gane shi. Na san gidana ciki da bai. Na san inda bututu ya bi, na san zurfin harsashi don ina cikin ramin, na san rodi nawa ne a kowane ginshiƙi. Abokina in famfo ya lalace sai an fasa tayil ana lalube. Sannan gidan da dangi suka ɗora ba ya zama na mutum ɗaya kamar yadda gidan kwangila yake zama. Ɗan gwaggona in ya zo ba ya tsayawa a waje yana buga waya, sallama yake yi ya shiga, yana nuna wa 'ya'yansa lintar da ya ɗauki kankarenta a ka. Ƙanena ya zauna a ɗakin zaure har ya yi aure. Wasu za su kira wannan nauyi, kuma nauyi ne: gayya bashi ce, ranar da ɗan yayana ya fara nasa harsashin ban da uzurin da zan kawo, na je da shebur da buhunan da zan iya. Ni dai ban ga asara a ciki ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbai wajen gina masallacin Madina. Filin kuwa na wasu marayu biyu ne, bai yarda a karɓa kyauta ba sai da aka biya su. Aikin na tarayya, haƙƙin ƙasar a fayyace.

Akwai waɗanda kwangila ce ta dace da su, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda yake nesa ba zai iya zuwa duba aiki ba, wanda kuɗinsa ke hannu a dunƙule, wanda ya san danginsa da yawan ƙorafi, ya nemi ɗan kwangilar da ya ga aikinsa da ido, gidan da ya sha damina uku ba wanda aka gama jiya ba, ya biya mataki-mataki, ya riƙe wani kaso har ruwan farko ya sauka. Mai son bene kuwa, ko da dangi zai yi ko da wa, kada ya kuskura ya zuba dakin ba tare da injiniya mai rajista da hukumar COREN ya lissafa masa rodi ba. Ƙwarewar Kawu ta ginin ƙasa-ƙasa ce, shi da bakinsa ya faɗa mini haka. Benayen da muke ji sun rufta da mutane ba su tambayi ko wanda ya gina ɗan uwa ne ba.

Mu da muka fi yawa, masu ɗorawa da kaɗan-kaɗan, hanyarmu ita ce ta kakanni: ƙarfi daga dangi, ilimi daga gwani. Birkila da kafinta da mai wayarin a yi jinga da su a biya su cikakke, ko da kawunka ne, domin biyan shi ke ba ka bakin cewa a gyara. Ni daga ranar bangon kicin na fara biyan Kawu ladansa kamar yadda kowa ke biyansa. Ya ƙi sau biyu, a na uku ya karɓa, aiki kuma ya fi tafiya daidai.

Kai da ka sayi fili kana shirin kiran 'yan uwa ranar Asabar, ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi kafin ka sayi buhun siminti na farko. A shafin farko ka rubuta filin na wane ne, da shaidu. Duk wanda ya kawo wani abu, ka gode masa, sannan ka daure ka tambaye shi a ranar: “Yaya, wannan kyauta ce ko rance?” Ka rubuta amsar a gabansa. Kuɗin matarka ma ka rubuta.